Zato Zunubi: Mai Karatu a Kujerar Alƙali

Duk wanda ya san yadda littattafan hikaya na Hausa suke yawo a garuruwanmu, ya san cewa ba a karanta littafi a yi shiru. A Sifawa, ko Boɗinga, ko Shagari, littafi guda da wani ya sayo daga Sakkwato yakan zaga gida goma kafin bangonsa ya yage, wanda kuma ya zo ta waya ya fi haka saurin yaɗuwa. To, idan aka yi dace labarin na wani ɓoyayyen laifi ne da ya auku a cikin gida, marubucin kuma ya datse shi a ƙarshen littafi na ɗaya ya ce a tara a na biyu, sai makaranta su kafa kotu. Wa ya zuba wa Alhaji guba a fura? Wa ya ɗauke gwala-gwalan Hajiya daga ƙarƙashin gado? Wa ya musanya jaririn ranar haihuwa? Wannan ta ce amarya ce, waccan ta ce ai uwargida ce take lulluɓe da carbi, wani ya rantse ƙanen Alhaji ne saboda gado, wani ya ce a dai sa ido a kan direba.

Wannan musu daɗi ne da shi, kuma babu marubucin da ba zai so a yi wa littafinsa irinsa ba. Amma akwai wata tambaya da ta kamata mu yi wa kanmu, mu masu riƙe da alƙalami. Bahaushe ya ce zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya. Irin wannan hikaya kuwa da zato take rayuwa, domin in an cire zato daga cikinta babu abin da ya rage. Shin ke nan marubuci yana zaunar da jama'a ne yana koya musu zunubi? A shekarun 1990 an yi doguwar muhawara a jaridu a kan littattafan da aka laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano, inda irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu suka gwabza. Yawancin abin da aka ja a kai shi ne soyayya da tarbiyya da ingancin rubutu. Batun zato, wanda a ganina ya fi kalaman soyayya saurin rusa gida, bai samu irin wannan kulawa ba.

Amsoshi Biyu Masu Sauƙi

Amsa ta farko da za a ba ni ita ce, ai mutanen cikin littafi takarda ne da tawada. Amaryar da aka zarga ba ta da mutuncin da zai zube, ba ta da uwar da za ta yi kuka, saboda haka babu alhakin kowa a wuyan mai karatu. Wannan magana da gaskiyarta, sai dai ba ta kai mu ko'ina ba. A saurari masu musun da kyau, a ji irin hujjojin da suke kawowa. Da wuya ka ji an ce, "A shafi kaza an nuna ta fita da dare, alhali ta ce barci take." Abin da aka fi ji shi ne, "Ai haka kishiyoyi suke," ko "Ɗan riƙo ba ya taɓa goyuwa," ko "Mai aiki in ta ga zinari hankalinta gushewa yake." Waɗannan hujjoji ba daga littafin aka ciro su ba. Daga tsakar gida aka shigo da su, kuma idan an rufe littafin can za a koma da su. Hukuncin da aka yanke wa amaryar takarda yana sauka ne a kan amaryar da ke ɗaki na gaba, wadda take da uwa, take da mutunci.

Amsa ta biyu ita ce ta masu cewa to a daina rubuta irin waɗannan labarai baki ɗaya. Wannan ma gajeriya ce. Ayar Suratul Hujurati da kowa yake kafa hujja da ita ba ta haramta dukkan zato ba, sashensa ta kira zunubi. Alƙali ba zai iya aiki ba sai da tuhuma, uba ba zai iya tsare 'ya'yansa ba in ya rufe idonsa ga kowace alama, wanda kuma ya ƙi yin zato sam-sam shi ne ake yanka wa aljihu a kasuwa. Abin nema shi ne a rarrabe zaton da ya halatta da wanda ya haramta, sa'annan a duba wanne ne littattafanmu suke shayar da makaranta.

Darasi Daga Gidan Annabi Yaƙub

Babu inda aka baje wannan al'amari kamar ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, wadda ita ma labarin laifi ne a cikin gida ɗaya. A lura da wurare uku.

Na farko, lokacin da matar Azizu ta ɗora masa laifi, wani daga cikin danginta ya ba da shawarar a dubi rigar, a ga ko ta gaba ta yage ko ta baya. Wannan mutum bai tsaya auna wane ne bawa wace ce uwargijiya ba. Ya faɗi ƙa'idar tun kafin ya ga rigar, ya kuma yarda ta kai shi duk inda za ta kai shi, ko da kuwa kan 'yar'uwarsa ne. Wannan shi ne zato mai neman hujja.

Na biyu, an sami ma'aunin sarki a cikin kayan Binyaminu, ido ya gani, hannu ya taɓa, amma yaron bai saci kome ba. Ke nan ko abin da ido ya gani yana bukatar a tambayi yadda aka yi ya zo wurin.

Na uku, wanda ya fi shafarmu, shi ne abin da yayyensa suka yi a nan take. Maimakon su tsaya wa ƙanensu, sai suka karɓi zargin hannu bibbiyu, har suka ƙara da cewa ai wani ɗan'uwansa ma ya taɓa yin haka. Wato dai 'yan wancan ɗaki haka suke. Wannan ita ce hujjar 'yan ubanci, kuma ita ce dai hujjar mai karatun da ta ce haka kishiyoyi suke. Irin wannan zato ba ya neman gaskiya. Wanda zai ɗora wa laifi yake nema, ya fi kuma son ya ɗora wa wanda tun can zuciyarsa ba ta so.

Akwai gwaji mai sauƙi da mutum zai gane wane iri ne nasa. Idan littafi na biyu ya fito aka wanke wanda kake zargi, me ka ji a ranka? In ka ji daɗin an wanke shi, har ka ɗan ji kunyar kanka, zatonka na bincike ne. In kuwa ka ji haushi kamar an ƙwace maka nama a baki, to ba labarin kake karantawa ba, ƙiyayyarka kake karantawa.

Abin da Turawa Suka Gano a Gidajensu

Irin wannan hikaya ta yi ƙarfi ne a Ingila, kuma tushenta da jini a jiki. A shekarar 1860, a wani gida da ake kira Road Hill, aka wayi gari an kashe wani yaro ɗan shekara uku, alamu kuma suka nuna na cikin gida ne ya aikata. Jaridu da masu karanta su suka dinga aika wa hukuma ra'ayoyinsu. Aka kama mai renon yaron, Elizabeth Gough, aka sake ta don babu hujja, jama'a da yawa kuma suka ci gaba da zargin ita da maigidan. Ɗan sandan ciki da aka turo daga Landan, Jonathan Whicher, ya nuna yayar yaron ta wajen uba, Constance Kent, mai shekara 16, sai aka yi masa ca, aka ce ya ci mutuncin 'yar manyan mutane. Sai a 1865 yarinyar ta amsa laifin da bakinta. Shekara biyar ke nan mai reno da uba suna yawo da tabon abin da ba su yi ba. Wilkie Collins ya ɗebi wasu abubuwa daga wannan shari'a ya gina littafinsa The Moonstone na 1868, wanda ake lissafawa cikin littattafan farko na binciken laifi a Ingilishi.

Agatha Christie ta riƙe wannan darasi a littafinta Crooked House na 1949, wato karkataccen gida. An kashe wani tsohon attajiri da guba a gidan da 'ya'yansa da jikokinsa suke zaune tare da shi. Yana da amarya yarinya wadda ya girme wa nesa ba kusa ba. Kusan duk dangi fatansu shi ne a ce ita ce, ita da malamin da ke koyar da yaran gidan, domin su biyun bare ne, in laifin ya faɗa kansu jinin gidan ya tsira. Aka kuwa kama su. A ƙarshe sai ta bayyana jikarsa ce 'yar shekara 12. Gwanintar marubuciyar ba a ɓoye mai laifi kaɗai ta tsaya ba. Ta bar mai karatu ya bi sahun dangi wajen fatan a ce bare ne, sa'annan ta juyo masa da madubi.

Sai dai kada mu ɗauka duk ƙa'idar da ta fito daga can adalci ne ya haife ta. A 1928 wani marubucin Amurka mai laƙabin S. S. Van Dine ya jera ƙa'idoji 20 na rubuta irin wannan labari, ɗaya daga cikinsu ta hana a mai da bara ko mai aikin gida mai laifi. Da jin haka sai ka ce tausayin talaka ne. Dalilin da ya bayar kuwa shi ne, mai laifi ya kamata ya zama mutum mai daraja wanda ya isa a damu da shi. Wato an wanke mai aiki ne saboda an raina shi. Raini da zargi kuwa uwarsu ɗaya, domin dukkansu matsayin mutum suke kallo su bar aikinsa.

Namu Gadon

Tsohon adabinmu bai cika ɓoye mugu ba. A tatsuniya tun daga farko an san 'yar bora an san 'yar mowa. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, mai karatu ya san ƙullin Waziri tun kafin Sarki ya farga. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar 1933, muna kallo 'yan'uwansa fadawa suka ƙulla wa Makau sharri saboda hassada, suka ce ya ɓoye wani abu daga ganimar hari, aka ƙwace dukiyarsa aka kore shi daga gari. A irin wannan gini mai karatu ba ya zargin kowa. Yana tsaye ne a gefen wanda aka zalunta, yana ganin yadda ƙazafi yake tarwatsa iyali. Haka Balaraba Ramat Yakubu ta yi a Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, inda ba ta tsaya ga amarya kaɗai ba, ta ɗaga yatsa ta nuna Alhaji Abdu, maigidan da ya kori Rabi da 'ya'yanta, wanda a al'ada shi ne na ƙarshe da ake tuhuma.

Haɗarin da muke ciki shi ne mu aro ɓoye mai laifi daga waje, mu haɗa shi da tsofaffin miyagunmu na tatsuniya. Sai a ja mai karatu littafi uku ana ta wa ya yi, wa ya yi, a ƙarshe a fito masa da kishiyar da ya zarga tun shafi na biyar. An karɓi kuɗinsa, an kuma sayar masa da abin da ya zo da shi daga gida.

Ko da Ya Zama Gaskiya

Nan ne rabin karin maganar mai wuyar haɗiya yake. Don me zato zai zama zunubi alhali ya faɗa daidai? Domin dacewa daban, sani daban. Makahon da ya yi jifa cikin kasuwa ya sami ɓarawo bai zama maharbi ba, kuma gobe in ya sake jifa mai tallan nono zai samu. Akwai hadisin da ya kasa alƙalai kashi uku, bai kuma yi wa kowa bushara ba sai wanda ya san gaskiya ya yi hukunci da ita. Wanda ya yi hukunci a kan jahilci an haɗa shi da azzalumi, ba a keɓe ranar da hukuncinsa ya dace ba. Saboda haka ne ma shari'a ta ɗora wa mai ƙara kawo shaida, ba ta ce wanda ake ƙara ya wanke kansa daga abin da zukatan mutane suka raya ba.

Idan haka ne, mafi munin abin da marubuci zai yi wa mai karatu shi ne ya gaskata masa malalacin zato. Matar da ta zargi kishiya babu dalili, littafi kuma ya ce ta yi daidai, ta tashi da yaƙinin cewa zuciyarta ba ta ƙarya. Ranar da ɗanta ya yi zazzaɓi ya rasu, ko zobenta ya ɓace, ba za ta nemi likita ko shaida ba, domin ta riga ta san wadda ta yi. Mun san gidajen da zumunci ya mutu a kan haka, mun kuma san tsofaffin da aka laƙa wa maita don kawai talauci da tsufa sun sa fuskarsu ta yamutse.

Wani zai ce, to ai kishiyoyi na cutarwa a zahiri, 'yan aiki ma akan samu masu sata, shin ƙarya za mu rubuta? A'a. Marubucin da kullum yake wanke kishiya ya ɗora wa malam mai carbi shi ma ya kafa wani sabon zato ne, makarantansa kuma ba za su daɗe ba za su gane dabarar. Abin da ake bukata shi ne laifi ya fito daga halin mutum guda da tarihinsa da zaɓin da ya yi, ta yadda mai karatu zai rufe littafi yana cewa "wance ta aikata saboda kaza," ba "ai haka suke" ba.

Rufin Asiri da Tonon Asiri

Saura wani ƙulli guda. Babbar addu'ar Bahaushe ita ce Allah Ya rufa asiri, labarin bincike kuwa sana'arsa tonawa. Kafin a kai ga mai laifi sai an buɗe akwatin kowa, a ga bashin wannan, a ga tsohuwar wasiƙar waccan. Mu mutanen wannan yanki muna da abin tunawa a nan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa wajen shekara biyar kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi yana kusa a Boɗinga. A wannan zama ne ya rubuta Najmul Ikhwan a 1812, yana jan kunnen jama'arsa da su bar gaggawar kushe juna a kan abin da malamai suka saɓa. Tun kafin nan ma, a farkon Ihya'us Sunna, ya bayyana cewa manufarsa ba keta suturar mutane ba ce ko shagaltuwa da aibobinsu. Mutumin da ya tashi gyaran al'umma sukutum ne yake faɗin haka, balle mu masu hikaya.

Amma rufin asiri yana da iyaka, iyakarsa kuwa haƙƙin wani. Abin da mutum ya yi tsakaninsa da Ubangijinsa a rufa masa. Inda aka ci dukiyar maraya, ko aka lalata yarinya, ko aka kashe rai, shirun dangi ya zama taya zalunci, domin wanda aka cuta shi ne yake biyan kuɗin mutuncin gidan. Hikaya mai kyau tana iya koya wa mai karatu wannan bambanci fiye da wa'azi, idan ta nuna masa mai bincike da ya ga asirin da bai shafi laifin ba ya mayar ya rufe, ya kuma ƙi rufe wanda ya shafi haƙƙin marar ƙarfi ko da an roƙe shi da girman zumunci.

Nasiha Ga Masu Tasowa

Ga ƙannenmu da suke son gwada hannunsu, abu uku nake ganin sun wajaba. Na ɗaya, a ajiye wa mai karatu alamomi na gaskiya a hanya, yadda in ya koma baya zai ga cewa da ya lura da ya gane. Ronald Knox, wani limamin coci marubuci a Ingila, ya sa wannan cikin ƙa'idojinsa 10 na 1929, ya kuma hana a warware labari da abin da ya saɓa wa al'ada. Wannan ya kai mu ga na biyu: a daina kama mai laifi da mafarki, ko bugun ƙasa, ko haukan da zai kama shi ya fita kasuwa yana tona wa kansa asiri. Labarin da boka ya warware yana koya wa mutane su kai ɓatan zobe wurin boka, boka kuwa bai taɓa cewa ban sani ba, kullum sai ya nuna wani na kusa. Na uku, a ba wanda aka zarga bisa kuskure shafukansa. A nuna yadda aka daina cin abincin da ta dafa, yadda aka janye yara daga ɗakinta, yadda wanke ta a ƙarshe bai mayar mata da shekarun da ta yi a wulaƙance ba. Yawancinmu da an kama mugu sai mu yi biki mu rufe littafi, mu manta da wadda makaranta suka yi wata uku suna tsine wa.

Makaranta kuwa su ci gaba da musunsu a zaure da tsakar gida, domin shi ne ribar marubuci. Sai dai duk wanda ya ce wane ne ya aikata, a tambaye shi shafin da ya gani. In ya kawo, a saurare shi. In kuwa ya ce ai haka suke, a tuna masa cewa yayyen Binyaminu ma haka suka ce.

Allah Ya tsare alƙalumanmu daga ɗaukar alhaki, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.